Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Darasi Daga Afisa Da Ƙankara



Ba mu manta da daren 11 ga Disamba, 2020 ba, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙankara. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Ƙankara da Faskari da Sabuwa. Babban dalili shi ne a raba mutanen daji da masu ba su labari daga cikin gari: wa ya sayar da masara, wa ya dawo daga kasuwa. Musulmi da Kirista, duk mun sha wannan ɗaci.

Ikkilisiya ta daɗe da sanin wannan ciwo. Sa'ad da Manzo Bulus ya yi bankwana da dattawan Afisa a Militus, bayan shekara 3 yana yi musu gargaɗi da hawaye, hatsari biyu ya nuna musu (Ayyukan Manzanni 20). Na fari kyarketai daga waje. Na biyu mutane daga cikinsu, masu karkatar da gaskiya don su ja mabiya. Tun kafin nan, kwaɗayin Akan shi kaɗai ya jawo mutuwar mutum wajen 36 a Ai (Joshuwa 7). Yahuza kuwa, mai riƙe da jakar kuɗi, azurfa 30 ta ishe shi.

To, yaya Afisa ta ƙare? Wahayin Yahaya 2 ya nuna sun ji gargaɗin, sun gwada manzannin ƙarya sun gane su. Amma Ubangiji ya tsawata musu domin sun bar ƙaunarsu ta fari. Sun tsare ƙofa, wutar cikin ɗaki ta mutu.

Nan ne tarkonmu. Kuɗin da ba a san asalinsa ba, tsegumi a WhatsApp, wa'azin da ke mai da bishara kasuwa, duk suna shigowa zumunta da fuskar ɗan'uwa. Kada mu yi shiru. Amma kada kuma zargi ya cinye mu. Matiyu 18 ya ba mu hanya: mu je wurin ɗan'uwan a keɓe, sannan da shaidu, sannan gaban ikkilisiya, muna neman maido shi.

Kafin mu duba na kusa da mu a benci, bari kowa ya fara da zuciyarsa. Ubangiji ya tsare garkensa. Amin.