Wace Dabara Ta Fi Sauri a Kiyub ɗin Rubik?

Gardamar da yaran da nake koya wa a Kiru ke yi, kan wace dabara ta fi saurin haɗa kiyub, ta girme su nesa ba kusa ba. An fara ta tun gasar duniya ta farko a Budapest a 1982, shekara takwas bayan Ernő Rubik ya ƙirƙiro abin wasan. Minh Thai na Amurka ne ya lashe da daƙiƙa 22.95, kuma da kusurwoyi yake farawa. A zauren akwai mutum biyu da ba su yi na ɗaya ba, amma sunayensu suka fi nasa daɗewa a bakinmu: Lars Petrus na Suwidin da Jessica Fridrich.

Petrus mai tsimi ne. Yakan gina ɗan curi a kusurwa ɗaya ya yi ta faɗaɗa shi, kada juyi ɗaya ya tafi a banza. Ita kuwa Fridrich hawa-hawa take bi: gicciye a ƙasa, hawa biyu a tare, sai a daidaita launin sama, a jera shi. Matakan nan biyu na ƙarshe hadda ce zalla, jerin juyi 57 da 21. Da ta sa dabarar a intanet a 1997, sai ta zama gidan kowa. Gilles Roux na Faransa ya zo da tasa a 2003: curi biyu a gefe da gefe, a ƙarasa da layin tsakiya.

In lissafin juyi ake bi, dabarar Roux ta ci gari, domin ba ta cika kaiwa hamsin ba, ta Fridrich kuwa takan kusanci sittin. A 2010 ma an tabbatar da kwamfuta cewa duk yadda aka hargitsa kiyub, juyi 20 ya isa a gyara shi. To amma agogo ba ya ƙirga juyi. Abin da ke cin lokaci shi ne tsayawar da mutum ke yi yana neman mataki na gaba. Wanda ya haddace, yatsunsa na aiki idonsa ya riga ya wuce gaba. Da dabarar Fridrich Max Park ya yi daƙiƙa 3.13 a 2023. Duk da haka ban yarda an kashe bakin magana ba: Sean Villanueva na Filifin ya zo na biyu a gasar duniya ta 2019 da Roux, alhali masu binta 'yan kaɗan ne. Dabarar da dubbai ke gogewa kullum dole ta fi fitar da zakaru.

Abin da aka fi mantawa shi ne kiyub ɗin kansa. Na 1982 tauri gare shi, da dukan hannu ake murɗa shi, shi ya sa rage juyi ya zama riba a lokacin. Na yanzu mai maganaɗisu da ɗan yatsa ake kaɗa shi. Namu na arha da ake sarowa daga Kano sun fi kama da na dā. Layin tsakiya sai ya cije, mai bin Roux ya yi ta fama. Don haka kafin mu gwada dabaru, kowa yakan riƙe kiyub iri ɗaya, a ba shi daƙiƙa 15 ya duba, ya haɗa sau biyar, a zubar da mafi sauri da mafi jinkiri, a ɗauki matsakaicin ukun da suka rage, kamar yadda ake yi a gasa.