Minti Uku a Kan Faifai: Louis Armstrong Daga 1923 Zuwa 1970

A farkon watan Afrilu na 1923 wasu makaɗa bakwai, dukkansu baƙar fata, suka taso daga Chicago zuwa wani ƙaramin gari mai suna Richmond a jihar Indiana ta Amurka, inda kamfanin Gennett yake da ɗakin ɗaukar murya a harabar masana'antar fiyano. Ɗakin yana daf da layin dogo, in jirgi ya taho dole a dakata sai ya wuce. Babu makirfo a lokacin. Wani ƙaton mazurari ake busawa a ciki, ƙarar ta girgiza allura, allurar ta yi ta zane a kan kaki. Shugaban makaɗan shi ne Joe Oliver, wanda ake wa laƙabi da King, kuma a bayansa akwai yaronsa ɗan shekara 21 da ya kira daga New Orleans watanni takwas kafin nan. Lil Hardin, mai kaɗa musu fiyano, ta sha ba da labarin cewa sai da aka tura yaron can kusurwar ɗaki, don busarsa tana danne ta maigidansa. A wannan zama ne, cikin kiɗan "Chimes Blues", aka fara ɗaukar busar Louis Armstrong shi kaɗai.

Wanda ya san faifan garmaho ya san iyakarsa: kowane gefe minti uku ne da 'yan daƙiƙoƙi. Mutumin da ya saba kwana yana busa a gidan rawa, an ce masa ya faɗi duk abin da ke bakinsa kafin kofin shayi ya huce. Ina ganin wannan ƙunci ya taimake shi. Tun a gidan gyara halin yara na New Orleans, inda aka kai shi bayan ya harba bindiga sama a daren shiga sabuwar shekarar 1913, malaminsa Peter Davis ya koya masa busa mai tsabta, kuma Oliver ya riƙa nanata masa kada ya saki asalin karin waƙa. Faifai ya ƙara masa darasi na uku: kowane sauti ya zama yana da dalili.

Ya auri Lil a 1924, ita ce kuma ta matsa masa ya fita daga inuwar Oliver. Ya yi shekara guda a New York tare da makaɗan Fletcher Henderson, yana kuma raka mawaƙa mata a faifai. A Janairun 1925 ya raka Bessie Smith a "St. Louis Blues", tana rera layi, ƙahonsa yana amsa mata, ba ya shiga gabanta ko sau ɗaya.

Sai ranar 12 ga Nuwamba, 1925, a Chicago, kamfanin OKeh ya fara ɗaukarsa da sunansa. Ƙungiyar ita ce Hot Five: shi da Lil, da Kid Ory, da Johnny Dodds, da Johnny St. Cyr mai banjo. Kusan a ɗakin ɗaukar murya kawai suke haɗuwa, da dare kowa yana da inda yake neman abincinsa. Kafin waɗannan faya-fayai, kiɗan jaz na New Orleans taron dangi ne, kowa yana busa tasa a lokaci guda suna saƙa juna. Bayansu ya zama fagen da mutum ɗaya zai fito ya ƙirƙiri zance nan take, sauran suna riƙe masa. A Fabrairun 1926 ya yi "Heebie Jeebies", inda ya bar kalmomi ya koma rera sautuka marasa ma'ana, bakinsa yana yin aikin ƙaho. Shi ya ce takardar waƙar ce ta faɗi daga hannunsa. Wasu sun riga shi yin haka, amma daga bakinsa duniya ta ɗauka.

In za a ce in zaɓi guda, "West End Blues" zan ɗauka, wanda aka yi ranar 28 ga Yuni, 1928. Oliver ne ya tsara shi, yaronsa ya mayar da shi wani abu dabam. Yana farawa da ƙaho tsirara, ba ganga ba fiyano, kimanin daƙiƙa goma sha biyar: ya gangaro, ya hau, ya taɓo can ƙololuwa, sannan ya sauko a hankali zuwa inda sauran suke jiransa. Masu koyon busa har yau suna karya haƙora a wannan gabatarwa. Amma ni tsakiyar ce take kama ni, inda ya ajiye ƙahon ya shiga amsa wa mai sarewa da murya ƙasa-ƙasa, babu kalma ko ɗaya. Earl Hines ya bi da fiyano, sannan Armstrong ya dawo ya riƙe sauti ɗaya mai tsawo har sai mai sauraro ya ji numfashinsa shi ma ya tsaya, kana ya sake shi. Duk wannan cikin minti uku da kaɗan.

A nan ne masana da yawa suke rufe littafi. Suna cewa gwanin ya ƙare a 1928, abin da ya biyo baya ɗan wasa ne mai farin hankici da yawan murmushi. Ban yarda ba, kuma faya-fayan ne hujjata. Daga 1929 ya juya ga waƙoƙin da kowa ke rerawa a titi, ya riƙa wargaza su yana sake ginawa. A saurari "Stardust" da "Lazy River" na 1931: yana jinkirta kalma, yana haɗiye wata, yana maimaita wata, muryar nan mai kaushi tana yawo a kan kiɗan yadda ta ga dama. Billie Holiday da Bing Crosby duk sun faɗa da bakinsu cewa daga gare shi suka koya. Kuma a 1929 ɗin ne ya ɗauki "Black and Blue", ya mayar da ita kukan baƙin mutum a Amurka, a zamanin da shi kansa ba ya iya kwana a otal ɗin da yake wa farare wasa.

Busa irin tasa tana cin leɓe. A tsakiyar shekarun 1930 leɓensa ya tsage har ya ajiye ƙaho na watanni. A 1935 ya miƙa harkokinsa ga Joe Glaser, ya koma kamfanin Decca, inda aka haɗa shi da kowa da kowa, mai kyau da na kasuwa. A 1938 ya ɗauki "When the Saints Go Marching In", waƙar coci da ta zama tambarin New Orleans. Daga 1947 ya sallami babbar ƙungiya ya koma ƙarama, All Stars, wadda ya zagaya duniya da ita har ƙarshen ƙarfinsa.

Zuwan dogon faifai ya cire masa takunkumin minti uku, sai ga shi bai buƙaci ƙarin fili don yawan surutu ba. Kundin waƙoƙin W. C. Handy na 1954, da na Fats Waller na 1955, da wanda ya yi da Ella Fitzgerald a 1956, busar dattijo ce: sautukan sun ragu, kowanne ya yi nauyi. Na fi komawa ga waɗannan fiye da na ƙuruciyarsa, duk da na san na ƙuruciyar ne suka canza tarihi.

A Mayun 1956 ya sauka Accra, makaɗi E. T. Mensah yana cikin masu tarbarsa, ya kuma rera "Black and Blue" a gaban Kwame Nkrumah. A Satumban 1957, da aka hana yara baƙaƙe tara shiga makarantar sakandare a Little Rock, ya fito fili ya zargi Shugaba Eisenhower da baki biyu da rashin ƙarfin hali, ya fasa zuwa Tarayyar Sobiyet da sunan gwamnati. Masu kiransa ɗan amshin shatan Turawa ba su cika tuna wannan ba. A Oktoban 1960, Nijeriya tana 'yan makonni da samun 'yanci, ya zo ƙasar cikin rangadinsa na Afirka, akwai ma hotonsa tare da Sardauna, Sir Ahmadu Bello.

A Disamban 1963 ya ɗauki "Hello, Dolly!" ba tare da ya ɗauke ta da muhimmanci ba, makaɗansa sun ce da jama'a suka fara nemanta a wurin wasa, sai da aka samo faifan suka sake koyonta. A Mayun 1964 ta hau matsayi na ɗaya a Amurka, ta sauke Beatles, yana da shekara 62. "What a Wonderful World" ta 1967 kuwa, wadda yau aka fi saninsa da ita, bai busa ƙaho a cikinta ba. Shugaban kamfanin ABC da ya fitar da ita bai so ta ba, ya ƙi tallata ta, sai a Ingila ta kai matsayi na ɗaya a 1968. Amurkawa ba su waiwaye ta sosai ba sai da aka sa ta a wani fim shekaru ashirin bayan fitarta. Ciwon zuciya da na ƙoda sun rage masa busa, kundayensa na ƙarshe a 1970 murya ce kawai. Ya rasu ranar 6 ga Yuli, 1971.

Akwai wata ɗauka da babu kamfanin da ya sa shi. Daga 1950 ya riƙa yawo da rikoda, yana naɗar hirarsa da matarsa ta wancan lokacin, Lucille, da abokai a ɗakin canza kaya, da barkwanci, da fushinsa a kan wulaƙancin da farare suka yi masa, da faya-fayan wasu da yake so. Ya tara kaset-kaset na zare kusan 650, ya yi wa akwatunansu ado da hotuna da yankan jarida da hannunsa. Gidan da suka zauna tun 1943 a unguwar Corona ta New York ya zama gidan tarihi a 2003, kuma mai ziyara yana iya jin wasu daga cikin naɗe-naɗen a ɗakin da yake zama ya yi su.