Tiya, Dami da Kashi 87.02

Tun da na ajiye aikin ƙididdiga, ɗaliban Jami'ar Sule Lamido ba su bar ni na huta ba. Tambayarsu ɗaya ce: "Baba, kashi nawa na mutanen Kafin Hausa ke cikin talauci?" In na ce binciken da suke kafa hujja da shi bai auna ƙaramar hukuma ba, sai su zaro waya su nuna min 87.02, kai ka ce da ma'aunin zinariya aka auna shi.

Adadin na Jigawa ne baki ɗaya, daga binciken yanayin rayuwa na 2018 zuwa 2019 wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a Mayun 2020. An ja layin talauci a naira 137,430 ga mutum a shekara, kimanin naira 376 ke nan a rana. Sakkwato ta tashi da 87.73, Taraba 87.72, aka cika gari da cewa mu ne na uku. Gidaje kimanin 600 aka tambaya a kowace jiha, goma-goma a yankunan ƙidaya 60. Ko a lissafi mafi sassauci, adadin na iya gocewa da kusan maki 3 sama ko ƙasa. A zahiri ma ya fi haka, don gidaje goman fadama ɗaya suke nomawa, ambaliya ɗaya ke cin shinkafarsu. Ratarmu da Sakkwato ko maki ɗaya ba ta kai ba. Raba yankuna 60 ga ƙananan hukumomi 27 kuwa, ka ga abin da ya rage wa Kafin Hausa.

Wannan gocewar ana iya lissafa ta. Wadda ta fi ta girma a zaure take faruwa, kuma dattijon da ya koya min aiki, Allah ya jiƙansa, can ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da ita. A zamaninsa littafi muke bari a gida, a riƙa rubuta duk abin da aka ci da wanda aka saya, mu kuma mu yi ta zagayowa duk bayan 'yan kwanaki har wata ya cika. Gidan da babu mai rubutun boko, ɗan firamare ne akawu, ko almajiri ya rubuta da ajami mu juya. Ranar kasuwa yakan sa mu ɗauki sikeli mu auna tiyar garin, don tiyar Bulangu ba lalle ta zo daidai da ta Haɗejia ba. Dami kuwa sai an sussuka an auna. Yakan ce min, "Yaro, maigida ya san abin da ya fitar daga rumbu, uwargida ce ta san abin da ya shiga tukunya." Shi ya sa ba ya fita babu ma'aikaciya mace da za ta shiga cikin gida.

Shi ne kuma ya nuna min inda amsa ke karkata. Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali tun 1979, muna cikin jihar Kano, amma shekaru bayan haka dattijo in ya ga baƙo da biro, awakinsa goma sai su koma uku. Yanzu abin ya juya: kowa ya ga mai tambaya, tallafi yake hange. Ga kuma mai kunya, wanda ba zai taɓa faɗa wa baƙo iyalinsa sun kwana ba a ɗora tukunya ba. Sannan lokaci: gidan da ka samu da kaka an sayar da riɗi, ba shi za ka samu a watan Agusta ba, rumbu ya yi ƙasa, samari ba su da ci-rani.

Binciken 2018 ya ajiye littafi, ya koma tambayar abin da aka ci cikin kwana bakwai, ana shigarwa a na'ura. Na yarda na'ura ta yi maganin malalacin da ke cike takarda a gindin darbejiya bai taka gidan kowa ba. Sai dai tunda awo ya canza, layi ya canza, ba a jera adadin a sahu ɗaya. Na ƙasa ya kasance 54.4 a 2004, 69 a 2010, 40.1 a 2019. Babu ma'aikacin kirki da zai ce talauci ne ya yi wannan tsalle, amma na sha jin ɗan siyasa ya ɗauki wanda ya yi masa daɗi ya hau mumbari da shi.

Abin da muka tabbatar shi ne, a wancan awon, mutum takwas zuwa tara cikin goma a Jigawa suna ƙasan layi. Wannan kaɗai ya isa a tashi tsaye. Mai son adadin Kafin Hausa ko Auyo ko Guri sai ya ware kuɗi a tambayi ɗaruruwan gidaje a kowace, da rani da damina, a kan sabon jerin gidaje, tunda rabon ƙasar nan da ƙidayar jama'a tun 2006.