Abin Da Riis Ya Koya A Ƙasar Gana

A shekara ta 1828 Mishan na Basel ya aiko masu bishara huɗu zuwa bakin teku kusa da Akra, a ƙasar da ake kira Gwalkwas a dā, wato Gana ta yau. Kafin ƙarshen 1831 dukansu sun rasu saboda ciwo. A 1832 aka aiko waɗansu uku, biyu suka rasu cikin 'yan watanni, saura Andreas Riis shi kaɗai.

Shi ma zazzaɓi ya kwantar da shi. Amma ya yarda wani mai magani ɗan ƙasa ya yi jinyarsa, ya kuwa warke. A 1835 ya bar bakin teku ya hau Akropong, gari a kan tudu mai iska mai kyau. Can ya gina ɗakinsa da taimakon mutanen garin, yana cin abincinsu. A 1843 ya kawo Kirista baƙar fata daga Jamaika domin su zauna tare da jama'a. Waɗanda suka biyo bayansa suka koyi harshen Twi, har aka buga Littafi Mai Tsarki cikinsa a 1871.

'Yan'uwa da ikilisiya ke aikawa wata ƙasa, ku lura. Ku tambayi 'yan gari inda ya kamata ku sauka da ruwan da za ku sha. Kada ku rena abincinsu, ku nemi magani da wuri, ku koyi harshensu tun daga gaisuwa. Matambayi ba ya ɓata.