Ruwan Kano: Fasahar Waje da Hakkin Maƙwabta

Kafin zuwan famfo, rijiyoyin gida da kududdufai ne madogarar mutanen Ƙofar Na'isa da sauran unguwannin cikin birni. Da zarar rani ya tsananta sai rijiya ta janye, a koma neman ruwa nesa.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, Allah ya jiƙansa, aka kammala matatar ruwa ta Challawa a farkon shekarun 1930. Injiniyoyin Ingila ne suka tsara aikin, aka yo odar injina da bututu daga can, amma Baitulmalin En'e ta Kano ne ya biya, wato da harajin iyayenmu da kakanninmu. Ana turo ruwan zuwa tankin da ke kan Goron Dutse, daga nan ya gangaro cikin gari. Sunan Ƙofar Famfo ma shaida ne na wannan tarihi.

Bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamnatin marigayi Audu Bako ta faɗaɗa wannan hulɗa. An gina madatsar Tiga daga 1971 zuwa 1974, kuma ƙwararru daga ƙasar Holan, waɗanda suka shahara wajen sarrafa ruwa, suka taimaka wajen tsara noman rani na Kadawa. Sai dai hikimar wancan zamani ita ce ba a tsaya ga kayan aro ba, domin Hausawa sun ce ba ya rufe katara. An horar da 'ya'yan jiha, har hukumar WRECA ta riƙa gina madatsu da hannun ma'aikatanta.

Akwai kuma hakkin maƙwabta. Kogin Kano da na Challawa su ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, shi kuma ya haɗu da na Jama'are su zama Komadugu Yobe, wanda ya yi iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar kafin ya faɗa Tafkin Chadi. Saboda haka duk ruwan da aka tare a Tiga, ko a madatsar Challawa da aka kammala a 1992, manomin Nguru da masuncin Diffa suna ji a jikinsu. Domin irin wannan ne Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa Hukumar Tafkin Chadi a 1964, sannan a 1990 Nijeriya da Nijar suka rattaba hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suka yi tarayya a kansa cikin adalci.

Duk da ƙarin matatar Tamburawa, gidaje da yawa a unguwarmu sun koma dogaro da 'yan garuwa da rijiyoyin burtsatse. Inji kan zo daga waje, amma gyara da kulawa ba sa zuwa a jirgi. Ya ku 'yan'uwa mazauna Legas da Abuja da Kaduna, cikinku akwai injiniyoyi da manyan ma'aikata. Duk lokacin da gwamnati za ta ƙulla yarjejeniyar ruwa da wata ƙasa, ku tambaya: matasa nawa za a horar, kuma wa zai riƙe aikin bayan baƙi sun tafi? Allah ya sa mu ga ranar da famfon Ƙofar Na'isa zai kawo ruwa safe da yamma, amin.