Liyafar Cin Abincin Dare ta Hafsoshin Soja: Asalinta da Yadda Ake Shirya ta a Jos

Liyafar cin abincin dare ta runduna taro ne da hafsoshin soja ke yi a gidansu na cin abinci da shaƙatawa, wanda suke kira mes. Ko da yake ana ci ana sha, a wurin soja aiki ne kamar fareti: akwai lokacin shiga da na tashi, akwai tufafin da aka ƙayyade, kuma hafsan da aka umarta ya halarta ba ya ƙin zuwa sai da izinin kwamandansa.

Asalin al'adar

Rundunar Sojan Ƙasa ta Nijeriya tana ƙirga tarihinta daga 1863, lokacin da Laftanar John Glover ya kafa ƙaramar rundunar da aka sani da Hausawan Glover a Legas. Daga baya aka haɗa ire-iren waɗannan dakaru cikin rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma ƙarƙashin Turawan Ingila. Daga hafsoshin Ingila aka gaji tsarin mes da liyafarsa, kuma bayan samun 'yancin kai a 1960 hafsoshin Nijeriya suka ci gaba da shi, tare da gyare-gyaren da suka dace da ƙasar.

A Jihar Filato, cibiyar wannan al'ada ita ce hedikwatar Runduna ta 3 da ke Barikin Maxwell Khobe a Rukuba, cikin Ƙaramar Hukumar Bassa, kusa da Jos. An kafa rundunar a 1967 lokacin yaƙin basasa, inda Kanar Benjamin Adekunle ya fara jagorantar ta, kafin Kanar Olusegun Obasanjo ya karɓe shi a 1969. Manjo Janar Muhammadu Buhari ma ya riƙe ta a Jos har zuwa 1983. Barikin kuwa ya samo sunansa daga Birgediya Janar Maxwell Khobe, wanda ya jagoranci dakarun ECOMOG a Saliyo, ya kuma rasu a shekarar 2000.

Masu ɗawainiyar shiri

Kwamanda ne ke ba da umarnin a yi liyafar, amma nauyin shiri yana kan shugaban kwamitin mes. Shi ke tsayar da rana, ya tsara kasafin kuɗi, ya fitar da takardun gayyata makonni kafin ranar, sannan ya raba aiki: wani ya kula da abinci, wani da jerin kujeru, wani da 'yan badujala, wani da tsaro da tarbar baƙi.

Akwai kuma mataimakin shugaban liyafa, wanda bisa al'ada ake zaɓa daga cikin mafiya ƙanƙantar muƙami. Yana zama a ƙarshen tebur, nesa da manya, amma shi ke amsa kiran shugaba a gaban kowa. Hikimar ita ce a koya wa sabon hafsa yin magana cikin natsuwa a gaban janar-janar.

Jerin kujeru shi ne aikin da ya fi buƙatar taka-tsantsan. Babban baƙo yana zama a hannun daman mai masaukin baƙi, sauran manya su biyo baya bisa muƙami. Idan aka gayyaci gwamna, sarakuna ko shugabannin 'yan sanda da na sojan sama, sai an bi tsarin fifiko na gwamnati. A sauran teburan kuwa ana cakuɗa manya da ƙanana da gangan.

Yadda daren ke gudana

Hafsoshi kan iso kafin babban baƙo, sanye da kayan liyafa na musamman da ƙananan lambobin yabo a ƙirji. Baƙi farar hula kan sa kwat ko cikakkun kayan gargajiya. Ana busa begila don sanar da cewa lokaci ya ƙarato, sai kowa ya shiga ya tsaya a bayan kujerarsa har manyan baƙi su shigo. Bayan addu'a, shugaba ya buga gudumar katako, a zauna.

Ana kawo abinci kashi-kashi, badujala na tashi a hankali. Ba a fara ci kafin babban tebur, ba a tashi daga wurin zama sai da izini, kuma al'adar mes ta hana gardamar siyasa da ta addini a kan tebur.

Idan aka kwashe kwanuka, sai a zo ga ƙololuwar taron, wato ɗaga kofi don girmama Shugaban Ƙasa kuma Babban Kwamandan Askarawan Nijeriya. Shugaban liyafa ya kira mataimakinsa, shi kuma ya miƙe ya gayyaci kowa, a tsaya a buga taken ƙasa. Tun da aka koma mulkin farar hula ranar 29 ga Mayu, 1999, wannan tsayuwa tana tuna wa hafsoshi cewa biyayyarsu ga zaɓaɓɓiyar hukuma take. Daga nan sai jawabin babban baƙo, kuma babu mai barin zaure kafin shi.

Abin da ake lura da shi a Jos

Jos tana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, don haka liyafar da aka sa a Disamba ko Janairu tana haɗuwa da sanyin hunturu mai tsanani, abin da ke sa masu shiri su fi son rufaffen zaure. Yankin yana da wadatar dankalin Turawa, kabeji da karas daga Mangu da Bokkos, waɗanda ke sauƙaƙa tsara abinci.

Abu mafi muhimmanci shi ne bambancin addini. Teburin yana haɗa Musulmi da Kirista daga kowane sashe na ƙasar, saboda haka ana tabbatar da yankan halal, ana duba lokacin sallar Magariba da Isha'i, ana kuma kauce wa watan Ramadan. A Ingila da giya ake ɗaga kofi, amma wanda ba ya sha yana yi da ruwa ko lemo, kuma hakan bai rage komai ba.

Birnin ya fuskanci rikice-rikice a 2001, 2008 da 2010, kuma hafsoshin da ke zaune a teburi ɗaya su ne ake turawa tsakanin al'ummomin da suka samu saɓani. Sanin juna da amincewar da ake ginawa a irin wannan dare suna cikin abin da suke dogara da shi a fagen aiki.

Liyafar ta bambanta da bikin WASA na ƙarshen shekara, wanda ake yi a fili tare da ƙananan sojoji, iyalai, raye-rayen gargajiya da gasar jan igiya.