Yadda takarda ta shigo harkar aure a ƙasar Gaya da Ajingi

Ranar da muka zauna tsara abin da zai shiga wannan fitowa ta bikin cikar shekara, ɗaya daga cikin iyayenmu ta jefo mana tambaya: "Wai a cikinku su wa ke da takardar aure a ajiye?" Aka yi tsit, sai kuma aka fashe da dariya. Hannuwan da suka tashi ba su taka kara sun karya ba. Wata ta ce, "Yo ni Hajiya, 'ya'yana tara su ne takardata." Gaskiyarta, aurenta ya ɗauru, babu malamin da zai ce akasin haka. Amma wadda ta yi tambayar ta san dalilinta, don bara ta yi wata huɗu tana zarya tsakanin gida da birni a kan haƙƙin mijinta da ya rasu yana aikin gwamnati, kuma duk teburin da ta tsaya sai a ce ta kawo shaidar cewa ita matarsa ce. Shekara talatin da ɗoriya a ɗakinsa, sai ga yaron da ta haifi kamarsa yana tambayarta hujja. Wannan ya sa muka ce bari mu bi sawun abin.

Auren da muka gada ba ya neman alƙalami. A mazhabar Malikiyya, wadda malamanmu suka karanta a Risala da Muhtasar, abin da ake bukata shi ne waliyyi, da sadaki wanda bai gaza rubu'in dinari ba, da shaidu adalai biyu, da sigar nema da bayarwa. Wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, a ambaci sadaki, a ce lakadan ne ko ajalan, liman ya yi addu'a, a shafa Fatiha, a raba goro. Sanƙira kuwa ya ɗaga murya ya sanar da na kusa da na nesa. Shi ke nan. Mu mata muna cikin gida, sai dai mu ji guɗa ta tashi mu san an ɗaura.

Kada a raina wannan tsari. A garin da kowa ya san kowa, shaidar baki ta fi ta takarda ƙarfi. Gaya tsohon gari ne, daga nan aka ce maƙeran da suka fara zama a gindin Dala suka fito, kuma a irin wannan wuri mai unguwa ya san gidan da aka ɗauko kowace amarya, dagaci ya san kakanta. In rigima ta taso, a kira dattawa biyu, magana ta mutu. Mace daga Kademi a kai ta Toranke, ko daga Balare a kawo ta cikin Gaya, tafiyar ba ta fi ƙarfin mai zuwa ba da shaida ba.

Turawa sun ci Kano a 1903, zamanin da aka naɗa Sarki Abbas. Ba da daɗewa ba aka tura hakimai su zauna a ƙasashensu, aka tsara kotunan alƙalai a gundumomi, aka sa su riƙa rubuta shari'un da suka yanke a littafi. Rubutu ya shigo da ƙarfinsa, amma ku duba inda ya fara sauka: haraji da jangali. An ƙirga shanu an rubuta tun ba a damu da rubuta wa ya auri wa ba. Aure ba ya shiga littafin alƙali sai ya lalace. Mace ta kai ƙara tana neman a raba, ko miji ya nemi a mayar masa da sadakinsa a hul'i, ko a yi gardamar idda, nan ne muhuti zai ɗauki alƙalami. Irin waɗannan ƙararraki sun cika kotunan En'e, kuma mata ne kan kai su da ƙafarsu. Don haka a ƙasarmu saki ya riga aure samun takarda. Har yau ɗin nan haka abin yake, in kun lura: mace ta shiga gida babu ko ƙyallen takarda, ranar fita a miƙo mata guntuwa da aka yago daga littafin ɗan makaranta, an rubuta saki ɗaya.

A gefe guda kuma akwai auren da aka haife shi da takardarsa, wanda muke kira auren rajista ko auren kotu. Asalinsa dokar aure ce da Turawa suka kafa a Legas a 1884, sannan da aka haɗa Kudu da Arewa a 1914 aka yi wadda ta game ƙasa duka, kuma ita ce ke aiki har yanzu da 'yan gyare-gyare. Masu son auren su je ofishin magatakarda su ba da sanarwa, a manna ta a allo kwana 21 ko wani zai fito da hujjar hanawa. In babu, sai a ɗaura cikin wata uku, a ofishin ko a cocin da aka ba lasisi, ƙofa a buɗe, gaban shaidu biyu, kowa ya sa hannu, a ba ma'aurata takardarsu. A Kano mutanen Sabon Gari da Kiristoci ne suka fi bin wannan hanya.

A nan sai mun ja kunne, don mun ji 'yan matanmu masu karatu suna cewa za su yi na masallaci sannan su je su yi na rajista "don ya fi ƙarfi". Ba ƙarin ƙarfi ba ne, wani aure ne daban da dokarsa. Mace ɗaya tak ya yarda da ita, namijin da ya yi shi sannan ya ƙara aure ya yi laifin da hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara 5, kuma ba a kwance shi da furucin saki, sai Babbar Kotu a ƙarƙashin dokar 1970. Wadda ta zaɓe shi da saninta, ruwanta. Abin da yawancinmu ke bukata kuwa shi ne shaidar auren Musulunci da aka riga aka ɗaura, kuma wannan wata ƙofa ce dabam.

To wa ke da alhakin rubuta namu? Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, kotunan alƙalai sun fita daga hannun En'e suka koma kotunan yanki a ƙarƙashin gwamnatin jiha. A 1992 gwamnatin soja ta yi doka mai lamba 69 kan tilasta rajistar haihuwa da mutuwa, a ciki har da cewa a yi wa auren gargajiya da rabuwarsa rajista a kotun yanki cikin kwana 60. Tsarin mulkin 1999 kuma ya lissafa rajistar haihuwa da mutuwa da aure cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Doka kam akwai ta a rubuce. Sai dai mu tambayi kanmu, cikin ɗaurin auren da ake yi kowace Juma'a da Asabar daga Gaya zuwa Gafasa, nawa ne labarinsu ya taɓa isa wani littafi? Dokar da ba a kai ta ƙofar masallaci ba, ba ta isa inda ake ɗaura auren ba. A Masar tun 1931 suka ɗaure abin ta wata hanya: in ɗaya ya musanta aure, kotu ba ta sauraron ƙarar sai da takardar hukuma, kuma akwai jami'in da ke zuwa wajen ɗaurin auren da littafinsa. Ba mu ce a kwafo wannan dungurungum ba, don da an yi haka a nan da iyayenmu da yawa sun rasa bakin magana a kotu. Amma zuwan mai littafi wajen Fatiha abin dubawa ne.

Sauyin da muka gani da idonmu ya zo ne bayan ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000 da kafa Hukumar Hisbah a 2003. A 2012, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, Hisbah ƙarƙashin Malam Aminu Daurawa ta fara auren zawarawa da ma'aurata 100, a ƙarshen 2013 aka aurar da 1,111, a Oktoban 2023 kuma gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta aurar da 1,800 daga ƙananan hukumomi 44. Kowa da ra'ayinsa kan auren gata, mu ma a cikinmu ba baki ɗaya muke ba. Amma shi ne karo na farko da talakan ƙauye ya ga an cike fom, an manna hoto, an yi gwajin jini, an rubuta sunan waliyyi kafin a shafa Fatiha. Sai kuma a watan Mayun 2024 aka sa hannu kan dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta hana ɗaura aure a jihar sai da takardar gwajin jinsin jini saboda sikila, da ciwon hanta, da ƙanjamau, tare da tarar da ta kai naira 500,000 ko ɗaurin shekara 5 ga wanda ya karya. Yanzu liman na iya cewa a nuna masa takardar asibiti kafin ya buɗe baki. In har zai karɓi takarda kafin a ɗaura, mu dai ba mu ga abin da zai hana ya bayar da wata bayan an ɗaura ba. Wasu masallatan Juma'a a birni sun daɗe da buga tasu.

Me ya sa abin ya dame mu yanzu, bai dami kakanninmu ba? Saboda dukiyar mamaci a da gona ce da rumbu da dabbobi, a gaban kowa suke, malam ya zo ya fitar wa matar tumunin takaba in akwai 'ya'ya, ko rubu'i in babu. Yau wani abin yana banki, wani yana asusun fansho, wani giratuti ne, kuma mai riƙe da makullin bai san dagacinku ba. Ga mazajen da ke ci-rani a Legas da Fatakwal, wani ya yi aure a can gida ba a sani ba, sai ranar rabon gado mata biyu su haɗu, kowacce na kallon ɗaya. Ga gyaran suna a katin ɗan ƙasa, ga neman biza. Sannan ga sadakin ajalan, wanda bashi ne a wuyan miji, Alƙur'ani kuwa a ƙarshen Suratul Baƙara ya yi umarni a rubuta bashi. Mu da ba ma ba da rancen naira dubu biyar sai an sa hannu a littafi, mun fi kowa sanin amfanin wannan.

Takardar da za ta yi amfani ita ce mai cikakken sunan miji da mata yadda yake a katinsu, da ranar ɗaurin aure da wurin, da sunan waliyyi da shaidu, da yawan sadaki da ko an biya, da sa hannun wanda ya ɗaura da hatimi. Mu za mu ƙara da cewa uwar amarya ta rubuta kayan ɗakin da aka jera a wata takarda daban ta adana, don ranar da ake fitar da kaya ba a cika tuna wa ya sayi gado ba.

Ga waɗanda aurensu ya daɗe, hanyar da aka saba ita ce rantsuwar kotu tare da mutanen da suka halarci ɗaurin auren. Nan ne Hajiyarmu ta sha wuya. Waliyyinta ya rasu, limamin ya rasu, wakilin ango ya rasu. Da ƙyar aka samo wani ƙanin mijin da yake saurayi lokacin, shi ya raba goro a ranar, da wani tsoho da aka ɗauko a bayan babur daga ƙauye, idonsa ya tafi amma bai manta ba, har sadakin ya faɗa, naira ɗari biyu lakadan.